Masu Dafa Burkutu da Dawar Birnin Gwari

Dawar da ake nomawa a ƙasar Dogon Dawa, can kan hanyar da ta tashi daga Birnin Gwari zuwa Funtuwa, ba duka ce ke ƙarewa a tukunyar tuwo ba. Manomin da ya girbe ta, ya sussuka, ya sheƙe, ya ɗura a buhu, galibi Bahaushe ne Musulmi, kuma da zarar dillali ya ƙirga masa kuɗinsa ya gama da ita. Buhun kuwa da sauran tafiya a gabansa. Wani ya faɗa hannun masu haɗa abincin kaji, wani ya hau tirela zuwa kamfanonin lemon malt da na giya, wani kuma a kwance bakinsa a kasuwa a auna shi mudu-mudu, har ya kai ga matan da sana'arsu ita ce dafa burkutu.

Babu abin ɓoyewa a nan. Musulunci ya haramta giya, sha da sayarwa, kuma mafi yawan Hausawa ba su taɓa leƙa gidan burkutu ba, ba su kuma da niyyar leƙawa. Sana'a ce ta maƙwabta: Gbagyi, Adara, Kamuku, Maguzawa, da sauran waɗanda addininsu ko al'adarsu ba ta hana su ba. Ana samunta a ƙauyukan Gbagyi na ƙaramar hukumar Chikun, da unguwannin Kaduna na ƙetaren kogi irin su Kakuri da Nasarawa da Television da Sabon Tasha, da kasuwannin mami na bariki. Kusan ko'ina mata ne ke yinta, kuma da Hausa ake cinikinta. Wanda ke son ya san abin da ke cikin ƙwayar dawa, da irin dabarar da ake fito da zaƙi daga cikinta ba tare da sukari ba, zai ƙaru da waɗannan mata ko da bai sha abin da suka dafa ba.

Aikin yana farawa ne tun a bakin buhu. Mai tuwo tana neman dawa mai gari ne kawai, mai burkutu kuwa tana neman dawa mai rai, domin in ba ta tsira ba an yi asarar kuɗi. Saboda haka ba ta sayen wadda ƙwari suka huda, ko wadda ta sha danshi a rumbu, kuma tana gudun wadda aka ɗura wa maganin ƙwari. Takan ɗibi 'yan ƙwayoyi ta tauna, ta zuba wasu a ruwa ta ga nawa suka taso sama. Mai taka-tsantsan ma sai ta ƙulle tafi guda a jiƙaƙƙen tsumma ta jira ta ga ko za su yi tsiro kafin ta sayi mai yawa. Jar dawa aka fi so, don ita ke ba da launin nan na jar ƙasa da ɗan bauri a harshe. Kaura da farafara ma suna yi, wasu kuma sukan haɗa da gero ko masara in dawa ta yi tsada.

Sai jiƙo. Dawa takan kwana ɗaya ko biyu a ruwa, ana sauya ruwan in ya fara wari. A tsame, a shimfiɗa a ɗaki ko a inuwa, a rufe da ganye ko tsofaffin buhuna, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Daga nan har kwana uku zuwa biyar mai dafawa ba ta da sukuni. Takan cusa hannu cikin tarin ta ji ɗuminsa: in ya yi zafi da yawa ta baje, in ya yi sanyi ta tattara ta ƙara rufi. Da hunturu tsiro kan yi nauyin fitowa, da damina kuwa fumfuna ce abokiyar gaba. In saiwa ta fito ta sarƙe da juna, kai ya ɗan leƙo, sai a kwashe a shanya a rana har ya bushe ƙayau. Rana ce ke tsayar da girman, kuma sanin ranar da za a tsayar ɗin yana cikin abin da uwa ke koya wa 'ya. In an yi garaje zaƙi bai taru ba, in an makara tsiron ya cinye abincin da ake nema.

Dalilin duk wannan wahala mai sauƙin fahimta ne. Garin da ke cikin ƙwaya guzuri ne da Allah ya ajiye wa ɗan tsiro. Idan ƙwaya ta ji ruwa ta farka, sai ta saki wasu sinadarai, waɗanda masana ke kira enzayim, masu narkar da sitaci su mai da shi sukari don tsiron ya ci. Mai burkutu tana barin ƙwaya ta saki sinadaran nan, sannan ta shanya ta kafin ta ci moriyarsu. Wanda ya tauna busasshen tsiro zai ji zaƙin da babu shi a ɗanyar dawa. Akwai kuma haɗari a ciki da ya kamata a sani: saiwa da kan tsiron dawa suna ɗauke da guba, irin wadda ta sa makiyaya ke hana shanu cin gyauron dawa ɗanye. Shanya da murje saiwar da doguwar dahuwa su ke rage ta.

Bayan an kai inji an ɓarza, a nan gwaninta take. Ana dama garin tsiro da ruwan sanyi a babbar randa ko ganga, a bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama sai a tsiyaye shi a ajiye gefe, ɗanye, ba a kai shi wuta ba. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ake ɗorawa a murhu, ana motsawa da doguwar muciya har ya dahu ya yi kauri kamar talge. In ya ɗan huce sai a maido masa da ɗanyen ruwan nan. Ba a jimawa abin da muciya ke tsayawa a cikinsa zai saki, ya tsinke, ya yi zaƙi.

Me ya sa ake raba su? Sitacin dawa ba ya narkewa sai da zafi mai yawa, irin zafin da ke kashe sinadaran da ake buƙata su yi aiki a kansa. In aka dafa su tare, kafin sitaci ya nuna ma'aikatan sun mutu. Mafita ita ce a janye ma'aikatan cikin ruwan sanyi, a dafa sitacin shi kaɗai, sannan a haɗa su lokacin da zafi ya sauka daidai. Babu ma'aunin zafi a gidan burkutu. Yatsa ne, da ido, da yadda tururi ke tashi. Duk matar Bahaushiya da ta iya kunun zaƙi ta san wannan dabara: a raba ƙullu biyu, a zuba wa rabi tafasasshen ruwa, a kawo ɗanyen rabin mai tsiro ko busasshen dankali a haɗa, a rufe ya kwana. Hanyar ɗaya ce har zuwa wannan gaɓa. Mai kunu takan tsaya a nan ta tace ta sa kayan yaji, mai burkutu kuwa sai ta wuce.

Takan bar ruwan ya kwana ya yi tsami daidai yadda take so, sannan ta sake ɗora shi a wuta, dahuwa ta sa'o'i masu yawa, wadda ke tsayar da tsamin, ta ƙara kauri, ta ƙara duhun launi. Wannan dahuwa ta biyu ita ke cin itace. Sai a sauke, a rarraba a tukwane ya huce, a zuba masa ragowar tsohuwar dahuwa da aka adana daga gindin randa, wadda ke ɗauke da yis ɗin gidan. Wasu sukan ƙara garin rogo don ya yi auki. Cikin dare randa za ta fara kumfa da shuu, kafin gari ya waye ko zuwa washegari burkutu ya tashi. Idan aka tace shi sosai ya fito garau, shi ne ɗan'uwansa fito. Burkutu kuwa da kaurinsa ake shansa, shi ya sa masu shansa ke ɗaukarsa rabin abinci. Daga jiƙo zuwa ƙwarya aikin mako guda ne ko fiye.

Manyan kamfanoni sun ci karo da wannan taurin kai na dawa a 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kafin nan da sha'irin Turai ake yin giyar kwalba a Najeriya, har a kamfanin Nigerian Breweries na Kakuri da aka buɗe a 1963, alhali ga dawa jibge a kasuwannin da ke kewaye da shi. Da aka rufe ƙofa sai injiniyoyi suka koma kan dawa da masara, suka tarar da matsalar zafin nan da matan ƙauye suka warware tun kaka da kakanni. Su sun warware tasu da sauya tsarin dahuwa da kuma sayo enzayim da aka sarrafa a masana'anta. Irin dawa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kamar SK5912, ya samu kasuwa a wurinsu. Daga baya an ɗage hanin, amma dawa ba ta fita daga tukunyar kamfani ba, kuma lemon malt da Musulmi ke sha a biki da suna yana cikin masu cin moriyar wannan sauyi.

Baƙar giyar nan mai ƙarfi da ake kira sitawut ita ma ta bi wannan hanya. Guinness, wadda sitawut ce, ta samo asali ne a Dublin ta ƙasar Ayalan a 1759, kuma masana'antarta ta Ikeja, ta 1962, ita ce ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ayalan da Birtaniya. Wadda ake yi a Najeriya tana da barasa kashi 7.5 cikin ɗari, ta fi wadda ake zubawa a mashayun Dublin ƙarfi nesa, kuma akwai dawa a cikinta. Baƙinta daga gasasshen hatsi yake, wanda aka soya har ya kusa ƙonewa, ɗacinta kuma daga nan ne da furen wani tsiro mai suna hop. A 'yan shekarun nan ƙananan masu dafawa sun fito, irin su Bature Brewery da ya fara a Abuja ya koma Legas, yana yin baƙar giya mai suna Black Gold da ake sa wa kofi.

Masu irin wannan giya suna da mutanen da aikinsu ke nan su ɗanɗana su yanke hukunci. Sukan ɗaga kofin gilashi ga haske su ga ko baƙi ne ƙirin ko akwai ja a gefe. Su dubi kumfa, launinta da daɗewarta. Su sansana su nemi ƙamshin gasasshen kofi ko cakulan, su kurɓa su auna nauyinta a harshe, su lura ko zafin barasa ya danne sauran ɗanɗano, sannan su jira abin da zai rage a maƙogwaro. A ƙarshe su rubuta maki a takarda.

Tsohon da ke zaune kan benci a gidan burkutu yana yin duk wannan, sai dai babu takarda. Al'ada ce a wurare da yawa a ba mai saye ɗan kaɗan a ƙaramar ƙwarya kyauta kafin ya biya. Yana zama zai ce, "Mama, a ɗanɗana mana." Sai ta motsa randa da ludayi, don kaurin yakan kwanta, ta miƙo. Wata ma takan kurɓa a gabansa tukuna don ya san babu sammu a ciki. Da ido yake farawa: launi ya zama ja mai duhu, ba fari-fari ba, kuma 'yan kumfa suna tasowa daga ƙasa, alamar yana da rai. Sai hanci. Ƙamshin tsiro da ɗan hayaƙin itace abin so ne, amma in ya ji ƙauri ya san gindin tukunya ya kama, an yi sakaci da muciya. In ya ji warin ruɓa, tun a shimfiɗar tsiro aka ɓata. Sannan ya kurɓa ya riƙe a baki. Yana neman tsami da zaƙi su tsaya kafaɗa da kafaɗa, da bauri kaɗan a baya, da kaurin da zai cika baki ba tare da tsaki yana kartar maƙogwaro ba. In ya ji lami, an yi algus da ruwa, kuma ba zai yi shiru ba. Hukunci na ƙarshe sai da safe: wanda ya tashi da ciwon kai mai tsanani yakan zargi an zuba wani abu don ƙara ƙarfi, kuma irin wannan magana in ta bi gida tana iya kashe masa kasuwa.

Akwai wani bambanci da ya raba mai ɗanɗana sitawut da mai ɗanɗana burkutu, kuma a ganina shi ne ke tafiyar da sana'ar gaba ɗaya. Giyar kwalba an tace ta, an kashe ƙwayoyin da ke cikinta da zafi, an toshe, don haka wadda aka sha yau ita za a sha bayan wata uku. Sitawut mai ƙarfi ma an san shi da jure ajiya, dalilin da ya sa tun asali ake ƙara masa ƙarfi da hop in zai yi doguwar tafiya a jirgin ruwa. Burkutu kuwa bai daina aiki ba har a cikin ƙwaryar mai sha. Na safiyar farko zaƙi ya fi yawa, barasa kaɗan. Zuwa la'asar ya kai ganiyarsa. Washegari ya ƙara ƙarfi da tsami, wanda wasu dattawa suka fi so. Bayan 'yan kwanaki kaɗan ya zama ruwan tsami, sai zubarwa. Galibi bai kai Guinness ƙarfi ba, amma ba a auna shi, kuma randa biyu ba sa zama ɗaya ko da hannu ɗaya ya dafa su. Saboda haka mai ɗanɗanawa ba ingancin mai dafawa kaɗai yake aunawa ba, yana auna har da sa'ar da ya zo.

Wannan gajeren rai shi ya tsara ciniki. Mace ba ta dafawa sai ta san ranar sha: ranar kasuwa, Lahadi bayan an tashi daga coci, biki, makoki, ko gayya. A unguwannin da masu dafawa suke da yawa sukan raba kwanaki tsakaninsu, yau gidan wance gobe gidan wance, don kada randa biyu su tashi rana ɗaya duka su yi kwantai. Sayarwa ƙwarya-ƙwarya ce, ƙarama da babba, yanzu har da roba da galan ga mai tafiya da shi gida. A gefe kuma akwai masu cin arziki: mai tsire, mai farfesu, mai gyaɗa. Robert Netting, wanda ya zauna cikin Kofyar na ƙasar Filato a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda giyar hatsi ke zaman ladan aikin gayya da biyan tara a wurinsu, kusan matsayin kuɗi. A ƙauyuka da dama har yau mai gona ba ya kiran gayya sai ya tabbata randa za ta tashi ran nan.

Lissafin mai dafawa ba ya da wuyar bi. Dawa ce ke cin kaso mafi girma na jari, sai itace, sai kuɗin niƙa, sai ruwa in tana saye a wurin 'yan garuwa, sai ladan masu taya ta motsawa da ɗauka. Tsofaffin tukwanen ƙasa suna ba da ɗanɗanon da aka fi yabo amma suna fashewa, shi ya sa da yawa suka koma gangar ƙarfe, wadda ke jure wuta amma tana tsatsa. In randa ta ƙare ranar farko, an ci riba. In ta kwana, sai a sauke farashi ko a ƙara mudu. Sannan ga bashi, domin abokan cinikinta maƙwabta ne da dangin miji, ba ta iya hana su, kuma mutum in ya sha ba ya tuna ƙwarya nawa ya sha. Abin da ke ceton wasu shi ne dusar da ta rage bayan tata, wadda masu aladu da masu kiwon turka ke saye, ko kuma ita kanta ta ajiye aladu ko awaki a bayan gida su ci. Da wannan sana'a mata da yawa, musamman zawarawa da waɗanda mazajensu suka rasu, suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Wahalar jiki kuwa ba ta ɓuya. Tsayuwar sa'o'i a gaban murhu cikin hayaƙi tana cin ido da ƙirji, ga ƙuna daga tafasasshen ruwa, ga ciwon baya na ɗaukar ruwa da itace. Ga faɗan mashaya da za ta raba da yamma. Ita ma ta san gidajen da shaye-shaye ya rusa, don a gabanta ake yi, wani lokaci ma nata gidan yana ciki. Matsin lamba kuma ta fuska biyu yake zuwa. Tun 2000 da aka faɗaɗa shari'ar Musulunci a jihohin Arewa, sana'ar ta ƙara janyewa daga garuruwan Musulmi. A ɗaya ɓangaren, coci-coci irin su ECWA ba su yarda da sha ko dafawa ba, don haka macen da ta shiga zumuntar mata sau da yawa takan ajiye muciyar burkutu ta koma kunu ko waina. Matasa kuma sun karkata ga barasar leda da ogogoro, masu arha da saurin bugarwa, waɗanda ba sa lalacewa a shago ko sun yi wata.

Sai kuma dajin. A ranar 14 ga Oktoba 2012 'yan bindiga suka kashe aƙalla mutum 20 a Dogon Dawa, da yawansu suna fitowa daga sallar asuba, kuma shekarun da suka biyo baya sun fi muni. Dazuzzukan Kamuku da Kuyambana suka zama mafakar ɓarayin daji, manoma suka bar gonakin nesa, wasu sai sun biya kuɗi kafin a bar su su shuka ko su girbe, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro. Mai burkutu ta ji wannan a wuri biyu: mudun dawa ya tashi, itacen da a da 'ya'yanta ke shiga daji su samo ya zama na saye. Cire tallafin mai a 2023 ya ƙara kuɗin mota da na niƙa a kai. Ita kuwa ba ta iya ɗaga farashin ƙwarya yadda take so, domin masu shan nata manoma ne da leburori, sai dai ta rage girman ƙwaryar ko ta ƙara masara, kuma harshen tsofaffin abokan ciniki yana kama duka biyun. A ƙarshen 2024 gwamnatin jihar Kaduna ta Gwamna Uba Sani ta ƙulla sulhu da 'yan bindigar yankin, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, manoma da dama suka koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba, motocin hatsi kuma suka ci gaba da fita ta hanyar Funtuwa da ta Kaduna.